Yatsu Uku

Hantsi ya dubi ludayi a Ƙofar Ƙwaya
ya shigo da ita, baƙa wul, tana gurnani,
kajin maƙwabta suka watse.
Mannir ne, autan Hajiya Tabawa.
Ya buɗe but, ya sauke kwali,
ya ce, "Baba Rabe, so nake ta yi ƙasa."

Sifirin huɗu, jajaye kamar tattasai,
gajeru, masu kauri,
kuɗinsu ya sayi rago har da igiya.
Na sa hannu tsakanin taya da jiki:
yatsu biyar. Ya ce a cire uku.
Na ce, "Yaro, kowa na roƙon ɗaukaka,
kai biya za ka yi a raba ka da bisa?"

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙarƙashin mota,
abin da na sani ɗagawa ne:
a ƙara wa akori-kura ƙarfe
don buhunan geron kasuwar Mashi,
a ɗaure wa tasi ƙugu
don fasinja shida da akuya.
Ban taɓa gajarta mai lafiya ba.
Amma mai abu ya faɗa. Na ce wa Sada,
"Kawo jak, kawo sifana sha tara,
sa dutse bayan taya, ba na son wasa."

Sifirin in an matse shi kububuwa ce,
tambayi tabon da ke haɓata.
Ƙugiya hagu, ƙugiya dama,
juyi ɗaya nan, juyi ɗaya can,
fuska a kauce.
Wani noti ya kafe.
Muka ba shi baƙin mai, muka tafi azahar,
kafin mu dawo ya saki tsatsa.

La'asar sakaliya muka sauke jak.
Ta zauna. Ta ƙara zama
kamar raƙumin da ya ga masauki.
Na fita da ita gwaji har shataletale.
Da furfurata ba zan yi ƙarya ba:
a kwana ba ta rangaji, ba ta jingina,
ta kama kwalta kamar ƙadangare a bango.
Wani abu da na manta ya motsa a ƙirjina.
Ban gaya wa kowa ba, na dai murmusa.

Tsofaffin na ɗaure da waya,
na sa sunansa da alli, na tura ƙarƙashin benci.
Na san layinsu a Rafindaɗi:
tudun da 'yan unguwa suka gina saboda yara
bakwai ne kafin masallaci,
ga kwata, ga damina tafe.
Na ce wa Sada, "Sati biyu,
zai dawo yana rungume da salansa."

Sati biyu. Wata.
Ruwa ya sauka, ruwa ya ɗauke,
allin ya soma dushewa.
Wata Juma'a na ratsa ta layin,
na hango ta tafe kamar mai tallar ƙwai.
Ta karkata, taya ɗaya ta hau,
ta jira, ɗayar ta biyo.
Gilas a sauke.
Mai ƙosai ta ce, "An fito?"
Ya ce, "An fito, ya kasuwa?"
Tela ya ɗaga masa almakashi.
Tsohon nan da ya kai ƙararsa gun mai unguwa
bara, kan agwagwar da ya take,
ga shi da sanda a gefen ƙofa suna hira,
motar ba ta yi masa nisa.

Ƙarfin doki ɗari uku a cikin bonet,
yaro mai gargare ya wuce su.
Abin da faɗan uwa bai yi ba
yatsu uku sun yi:
mota ta koya wa mai ita durƙusa.

Na koma na jawo ɗaurin.
Sada ya ce a kira 'yan gwangwan.
Na hure shi, na sabunta sunan, na mayar.
"Baba, ai sati biyu ka ce."
Na ce, "Miƙo sifana sha huɗu.
Waccan tasin ba ta jin surutu,
jira take a ɗaga ta bisa."